Kuɗin Laraba da Almakashin Rankaidaɗe

Jama'a, ku taya ni jaje. Yau Lado dillali ya yi mini sayen wulaƙanci a kasuwar Makarfi, buhu uku na busasshen barkono. Har da dafa ƙirji: "Gwaggo, wallahi kasuwa ta faɗi, don ke ce ma na taya haka." Na zaro waya daga lalita in tambayi Nawa-Ne, na latsa, na sake latsawa, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Na sallama. Sai a motar komawa Ikara na ji wata 'yar Kudan tana cewa ta sayar da nata da ƙarin dubu tara a kan kowane buhu. Goron da ke bakina ban san lokacin da na haɗiye shi ba.

Wanda bai san Nawa-Ne ba, manhaja ce ta waya. Salman na gidan Malam Ahmadu ya ƙera ta, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya yi karatun kwamfuta a Zariya ya dawo gida. Ka latsa, ta gaya maka da baki, da Hausa raɗau, yadda tumatir da barkono da rake suka kwana a Makarfi da Ikara da Kudan. Ni da karatuna ya tsaya a yaƙi da jahilci, da ita nake tsare gida a gaban dillalai.

Ashe ita ma ci take yi. Salman ya ce ɗakin da take zaune a intanet haya ake biya, ga data ta masu aiko farashi, ga shi kansa ba iska yake ci ba. Ya rasa yadda zai roƙe mu, sai babansa ya ce, "Shekara arba'in ina koyar da allo, kuɗin Laraba ne ya riƙe ni. Ba mai yawa ba ne, amma ba ya fashi." Shi ke nan muka ɗauka. Duk Laraba, naira ɗari biyu, mai turawa ta waya ya tura, mu tsofaffi mu ƙulle a bakin zane mu kai. Shekara biyu ba ta yi ko tari ba.

Sai labari ya kai kunnen Rankaidaɗe, Sarkin Almakashi, Garkuwan Rumfa, Mai Buɗe Abin da Ba Shi Ya Gina Ba. Allah ya ja zamaninsa, mutum ne mai tausayi: ba ya iya ganin abu yana tafiya daidai ya ƙyale shi haka nan. Ya zo da motoci goma sha ɗaya don ƙaddamar da abin da muka shekara biyu muna amfani da shi. Da aka rasa inda za a ɗaura ƙyalle, sai aka ɗora waya a kan kujera aka naɗe ta, ya yanka, aka yi tafi. Salman yana can bayan rumfa a rana, mai gadi ya ce wurin manyan baƙi ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A lasifika Rankaidaɗe ya ce, "Daga yau talaka ya huta! Na ɗauki nauyinta har jikokinku!"

Mu ma fa da laifinmu. Ganin hadari muka yi wanka da kashi. Laraba ta zagayo, na leƙa ta katanga na ce wa maƙwabciyata, "Mukarrama, ba ki kai ba?"

Ta ce, "Kai wa? Gwaggo, ba ki ji manya sun karɓa ba? Ai raini ne babba ya ɗauki kaya kina tallafa masa da ɗari biyu."

Na ce, "Haka ne kuwa." Na sayi ƙosai da nawa.

Wata huɗu Salman yana sintiri. Yau a ce Rankaidaɗe ya yi tafiya, gobe a ce takarda tana kan tebur, jibi a ce an kafa kwamitin da zai duba teburin. Abin da ya samu dai kalanda ce mai hoton Rankaidaɗe yana nuna waya da yatsa. Haya ta ƙare, masu ɗaki suka rufe.

Daga tasha yau ban nufi gida ba, gidan Malam na wuce. Na tarar matar Salman tana wanke masa jaka, wai jibi zai tafi Kaduna, wani kamfani ya kira shi.

Na ce, "Kai ɗan nan, ka tafi ka bar mu a bakin Lado?"

Ya ce, "Gwaggo, to in dafa kalanda ne yara su ci?"

Na ce, "Gaskiyarka." Amma ina da ƙafa, ina da baki, kuma ba gidan da ban san ƙofar bayansa ba. Na shiga gida bakwai kafin la'asar, ko'ina na baje labarin barkonona, har da ƙarin gishiri. A gidan Mukarrama na ce, "Naki tumatir ɗin saura kwana nawa a ɗiba? Lado yana gaishe ki." Nan take ta kwance bakin zane, ta biya har na Laraba huɗu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Salman ya ce idan Larabar nan da ta sama suka cika, zai biya haya ya mayar da jaka ƙarƙashin gado. Ya ɗaga tafiyar da mako biyu, ba don ya yarda da mu ba, don kunyar babansa.

Saura roƙo ɗaya, masu karatu. Idan ta farfaɗo, ku yi amfani da ita a ɓoye, ku rage mata murya. In kuwa wani mai babbar riga ya tsayar da mota ya tambaye ku lafiyar Nawa-Ne, ku sunkuyar da kai ku ce Allah ya yi mata rasuwa, an yi sadakar bakwai. Jinya ɗaya muke da ƙarfinta, ba za mu iya ɗaukar taimakonsa sau biyu ba.