Sarkin Shiru na Toktepa

Allah ya yi wa ƙauyenmu Toktepa baiwa uku: tsaunuka, inabi, da Rais Mirzohid. Tsaunukan ba sa magana, inabin ma haka, shi ya sa Rais ya ɗauke musu wannan nauyi.

Mutum ne mai cika ido, musamman ta wajen tumbi. Shi ne shugaban unguwa, shi ne shugaban kwamitin ruwa, shi ne kuma mai yi wa kansa godiya a ƙarshen kowane taro. In ya yi gyaran murya a ƙofar masallaci, masu matsar giya a gindin dutse sai sun ɗaga kai. Ba a ɗaura aure sai da jawabinsa. Ranar jana'izar Ergash mai aski kuwa, da ƙyar muka samu muka binne bawan Allah kafin magariba.

Da bazara labari ya zo cewa wata mata daga Tashkent, babban birnin ƙasarmu, mai suna Dilrabo, tana tsara hanya domin baƙi masu yawon keke, irin mutanen nan da hayaniyar birni ta ishe su. Ƙauye ɗaya take nema inda za su riƙa kwana: ko namu, ko Soyboshi da ke bayan dutse. Sharaɗinta ɗaya ne, shiru. Mu kuwa abin da muka fi arziki da shi ke nan. Tsohuwar hanyarmu ta ƙasa tana lanƙwasa tsakanin gonakin inabi, ba ka jin komai sai ruwan kwata da takun jaki.

Babu wanda ya kai Inna Zulhumor murna. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya tilo, Otabek, yana can Rasha yana dakon siminti. Ta shafe ɗakunanta da farar ƙasa, ta gyara gadon katakon da ke ƙarƙashin rumfar inabi, ta ɗinka sababbin katifu, sannan ta buga masa waya ta ce ya dawo, aiki ya zo har gida. Ya dawo. Amma kowa ya san idan baƙin ba su zo ba, da an gama tsinkar inabi zai sake ɗaukar jakarsa.

Rais ya tara mu a gidan shayi. "Jama'a!" in ji shi, har kofuna suka yi ƙara. "Shiru suke so? Wallahi za mu ba su shirun da duniya ba ta taɓa jin irinsa ba!" Daga ranar muka naɗa shi Sarkin Shiru. Da sunan ya kai kunnensa, ya ce ai ya dace.

Sai aiki ya kankama. Ya sa aka ɗaure karnukan gari, waɗanda a da suke barcinsu a inuwar inabi, yanzu suka koma haushi ba dare ba rana. Ya tara jakuna a garke ɗaya don kada su dami baƙi, alhali ko yaro ya san in jaki ɗaya ya buɗe baki sai sauran sun amsa. A kowace kwana ta hanya ya kafa allo mai hotonsa, yatsa a kan leɓe. Mu da muka san shi mun daɗe muna kallon hoton nan, don ba mu taɓa ganin bakinsa a rufe ba.

Ya kuma sayo keke daga birni, da matsattsun kaya masu sheƙi waɗanda suka tona duk abin da riguna suka daɗe suna rufa masa. Hular kwano ya ɗora ta a kan hularsa ta gado. Keken dai ya sha yawo sosai, a ɗaure a saman mota.

Da Inna Zulhumor ta ji an ɗauko masu kakaki da ganga, ta same shi hannu a ƙirji. "Rais, ɗan'uwana, don Allah. An ce fa shiru suke nema."

"Yaya Zulhumor, ke dai ji da tanderunki," in ji shi. "Kakanninmu sun ce baƙo ya fi uba. Ubanki zai shigo gari a saɗaɗe kamar ɓarawon kaji? Ba kakaki, ba gurasa da gishiri? Me 'yan Soyboshi za su ce da mu?"

Ba zan ɓoye ba, da yawanmu mun gyaɗa kai, don a wajenmu tarbar da ba a ji ƙararta ba ai wulaƙanci ce.

Ranar ta zo. Dilrabo ta ɓullo da 'yan baƙinta, suna hawan tudu a hankali, suna haki, suna murmushi, suna nuna wa juna kwarin da ke ƙasa. Suna shan kwanar ƙarshe kakaki ya tsage. Wani dattijo mai farin gemu ya saki hannu, shi da kekensa suka sauka a kwata. Sarkin Shiru ya rungume shi da jiƙaƙƙun kayansa, ya cusa masa gurasa, sannan ya shiga mota ya wuce gabansu da lasifika. "A yi shiru! Baƙi na wucewa! Kai mai tari, haɗiye shi!" Haka suka bi shi har wurin matsar giya, suna shan ƙurar motarsa, karnuka na amshi daga dama, jakuna daga hagu.

A can aka zuba wa kowa giyar bara. A al'adarmu ba a kai kofi baki sai babba ya gama fatan alheri. Rais ya miƙe, ya yi jawabi a kan falalar shiru. Ya faro daga kakansa, ya biyo ta kan kwamitin ruwa. Shinkafa ta huce, kitse ya daskare a kan nama, baƙi suka gaji da riƙe kofuna a sama.

Da ya tsaya shan iska, Dilrabo ta tambaya cikin ladabi, "Rais, kullum haka garin nan yake?"

Inna Zulhumor ta yunƙura. "A'a, 'yata, wallahi ba haka..."

"Kullum!" Rais ya danne ta. "Wannan ma somin-taɓi ne, ƙanwata. Muddin ina raye, duk wanda ya shigo Toktepa a kan keke, ko shi kaɗai ne, sai an busa masa kakaki!" Ya ɗaga hannu, aka busa.

Ba su kwana ba. Suka yi godiya, suka haura dutse zuwa Soyboshi, inda shugaban ƙauyen ya manta ma da zancen zuwansu yana can yana barcin rana. Garin neman gira muka rasa ido. Yanzu daga kan tudunmu muna hango baƙi masu keke can nesa, jere kamar tururuwa, suna gangarawa garin maƙwabta.

Da aka gama tsinka, aka kwantar da kurangar inabi aka rufe da ƙasa saboda sanyi, Otabek ya ɗauki jakarsa. Uwar ta raka shi bakin titi, ta dawo ta naɗe sababbin katifun da ba wanda ya taɓa kwanciya a kai. Har yau in na wuce gidan nan sai raina ya ɓaci.

Shi kuwa Sarkin Shiru ko a jikinsa. Kwanan baya ya tsaya a ƙarƙashin hotonsa, ya nuna mana hanyar da ba kowa a kanta. "Ku saurara," in ji shi da ƙarfi. "Na yi muku alkawarin hanyar da ta fi kowace shiru a ƙasar nan. Akwai mai jin ko da ƙararrawar keke?"

Muka saurara. Gaskiyarsa, babu.