Ranar da Na Yi Gadin Dara

Har gobe ina nan a kan bakana: dabarata ba ta da aibu.

Ranar kasuwar Dogarawa ce, bayan la'asar. Na jingine babur ɗina na kabu-kabu, na zauna dara da Baba Illo, tsohon da ba a taɓa ganin an cinye shi ba a tashar nan. Shi da duwatsu, ni da tsinkaye. Kafin a ankara na ci masa biyar, shi kuwa ɗaya tak. Mutane suka taru, har mai shayi ya bar butarsa a kan wuta.

Sai na yi hankali irin na manya. Na tattara tsinkayena a kusurwa, na ware guda ina kai shi ina dawo da shi. Sau biyu hanyar jera uku in ci masa dutse ta buɗe mini, na kau da kai. Wanda ke gaba ai ba ya kasada.

"Ɗana, mi kake tsaro can?" in ji Baba Illo.

"Nasara, Baba."

"To, tsare ta da kyau."

Da na sakar masa fili, sai ya shirya duwatsunsa yadda in ya matsa guda, ya jera uku ne, in ya dawo da shi ma uku ne. Kowane motsi sai ya zare mini tsinke, yana hamma. Na tashi da biyu.

Ni dai na ce sa'a ce tsohon ya taka. Amma har yau, ko fasinja na ɗauko, sai 'yan tasha sun ɗaga murya: "Maigadi! Ka fito, wa ka bar ma kusurwar?"