Yadda Na Dafa Ciyawar Maigida

Da sanyi ya shigo Makka, Balaraben da nake wa aiki ya tafi Jidda, ya bar mini amanar ciyawar tsakar gidansa. Na bugi ƙirji na ce ni ɗan manomi ne.

Don kada sanyi ya kama ta, na lulluɓe ta kaf da leda, na danne da duwatsu. Na manta cewa zafin ranar Makka bai san hunturu ba. Bayan kwana uku na yaye, sai tururi da warin dafaffiyar rama.

Da Maigida ya dawo, bai yi faɗa ba. Ya tsuguna ya shafa ta, daga ranar ya daina amsa gaisuwata.

Har yau in na shiga Mansur, unguwar Hausawan Makka, Hajiya mai tuwo sai ta ce, "Malam, in zuba maka, ko ciyawarka ta nuna?"