Nas Ta Ɗauka Surukina Babana Ne

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi min aikin balan-balan ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Kusan shekara uku ina fama da fitsari. Hanyar ce ta tsuke. In na shiga bayi a shagonmu na ɗinki a unguwar Mafoni, sai abokan aikina su gama alwala su tada salla ni ina tsugune ina jiran ɗigo. Sau biyu ana buɗe min hanyar a asibiti tana komawa. A ƙarshe likita ya ce akwai sabuwar dabara: za a zura ɗan siririn balan-balan mai magani a jikinsa, a hura shi daidai inda ya tsuke, maganin ya hana wurin saurin haɗewa. Matata Falmata kaɗai ta sani. Sauran dangi na ce musu gyambon ciki ne (har yau ban san me ya sa na ga gyambon ciki ya fi mutunci ba).

Ƙanena ne ya raka ni. Amma ina farfaɗowa daga allurar barci, wa zan gani a kujerar gefen gado? Baban Falmata. Dattijon da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Ya baro dillancinsa a Kasuwar Shanu, ya sallami ƙanena, wai bai kamata surukinsa ya kwanta ba babba a kusa ba.

"Wushe, sannu Malam. Ya cikin?"

"Da sauƙi, Baba," na ce, ina jan mayafi don in rufe robar da ta fito daga inda ba ciki ba.

Sai ga nas ta shigo da takarda, mace mai murya kamar ta mai shela.

"Kai ne babansa? Madalla. Ka taya shi riƙewa, su in sun tashi daga allura komai mantawa suke."

Na yi tari. Na sake yin tari. Ko kallona ba ta yi ba.

"Ba ciki aka taɓa ba ai, hanyar fitsari ce. Robar nan kwana biyu za ta yi, a dawo a cire. Ya sha ruwa sosai. Sannan maganin yana daɗewa a jiki, saboda haka wata guda in zai kusanci iyalinsa sai da kororon roba. Kuma kada ta ɗauki ciki sai bayan wata shida. Baba, ka ji ko?"

"Na ji," in ji shi, yana kallon silin.

Jama'a, iyalin da ake magana 'yarsa ce! Na rufe ido na lafe, wai allura ta sake ɗauke ni.

"Idonsa biyu," in ji nas. "Malam, maimaita min abin da na ce."

Wallahi sai da na maimaita. Har da kororon.

Da aka sallame mu na kasa hawa keke mai ƙafa uku da muka tsayar, hannu ɗaya na tattare riga, ɗaya na riƙe da jakar fitsari. Baba ya miƙo hannu ya karɓi jakar, ya ɗora a cinyarsa kamar ledar cefane. Haka ya riƙe ta har muka isa unguwarmu ta Fezzan. Sai a ƙofar gida ya mayar min, ya gyara hula.

"Allah ya ba da lafiya. Wancan bayanin kuma ka yi wa Falmata da bakinka. Ni ba zan iya ba."

Bayan kwana biyu aka cire robar. Na shiga bayi, abu ya zo shaaa ba jira ba nishi, na tsaya ina dariya ni kaɗai har Falmata ta ƙwanƙwasa ta ji ko lafiya. Baba kuwa bai taɓa tada zancen ba, sai dai na yi wata biyu ina gaishe shi ta waya.

Yanzu ko ciwon kai ne ya kai ni asibiti, kafin nas ta buɗe baki nake gaya mata wanda ke zaune kusa da ni.