Yadda Za Ka Koyar da Lissafin Tsutsar Tumatir a Kwamfuta Asirinka a Rufe

Gara in faɗa tun da wuri: har yau da yatsa biyu nake buga kwamfuta, ɗayan ma ɗan rakiya ne. Duk da haka ni ke koya wa ɗalibai a Maƙarfi yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni ta lissafa bayanan tsirrai da ƙwari. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin kaka an fara ce maka Injiniya.

1. Nemo aiki na gaske
Surukina Baba Mamuda na Kurmin Kogi, tsutsa ta sa tumatirinsa a gaba. Magani biyu manoma ke fesawa, yana son sanin wanne ne mai aiki kafin gonar ta tafi. Na ce, "Baba, wannan ai aikin kwamfuta ne." Kai ma faɗi haka, kana kallon nesa.

2. Tura ɗalibai gonaki
Su tambayi yawan tsutsa a kowace kunya. Sai dai manomin kirki ba ya kai ƙarar gonarsa wajen baƙo. Ga abin da ɗalibata Khairiyya ta kwaso: "Alhamdulillahi." "Da sauƙi." "Sai godiya." A shigar da su haka nan.

3. Kada jan rubutu ya razana ka
Umarci kwamfuta ta fitar da matsakaicin yawan tsutsa. Za ta cika fuskarta da jan rubutu, don ba ta iya raba godiya gida goma ba. Gyara tabarau, ka ce, "Yauwa, abin da nake so ku gani ke nan."

4. Mayar da tambaya inda ta fito
"Malam, to me jan yake cewa?" in ji Khairiyya.
"Ke me kika ga yana cewa?"
In ta nace, duba agogo. Azahar ba ta taɓa kunyata malami ba.

5. Ba kowace amsa maki
"Da sauƙi" tsutsa biyar, "Alhamdulillahi" sifili. Wani dogo a baya, Bilya, zai ce, "Malam, babana ranar da ambaliya ta tafi da rakensa ma Alhamdulillahi ya ce." Naɗa shi shugaban aji, zai yi shiru.

6. Iya amsa wayar suruki
Bayan doguwar gaisuwa Baba ya ce, "Yaya lissafin namu?"
Na ce, "Alhamdulillahi, Baba."
Ya ce, "Ashe abin ya kai haka."
A wannan matakin ka nemi wata amsar.

Gargaɗi
Duk wanda ya bi wannan tsari ya rasa aji, ko tumatir, ko girmansa a gidan surukai, ba ruwana, ban ma san shi ba. Zanen sakamakonmu dai ya fito tsaf, launi uku, har an manna a bango. Baba Mamuda kuwa tuni ya nome gonar ya dasa albasa.