'Yan Rakiyar da Suka Ƙi Komawa

"Lahiya lau, in ban da ganinki da ya ɓata min safiya," in ji Malam Haliru yana amsa gaisuwar jikarsa Rumaisa, alhali tun asuba ya share zaure ya shimfiɗa tabarma biyu.

Tun rasuwar matarsa Hajjo gidan nan na Gwandu ya yi masa girma. Abokiyar hirarsa ita ce tsohuwar kwamfutar da yake buga tarihin gidansu a ciki, ita ma duk mako biyu sai ta ce wuri ya ƙare. Sai ya kira Rumaisa, mai karatun kwamfuta a Kalgo, ta hawo mota ta zo.

"Ni ma ba don kai na taho ba, tsoho. Miji babu haƙori, kwamfuta babu wuri, mi na aura?"

Ya ce haƙoran aro ya bayar, kuma 'yan matan Dalijan har layi suke yi a kansa. Ta ce layin kallo ne.

Ta buɗe kwamfutar tana maimaita masa bayanin da ya haddace: kowace babbar manhaja tana zuwa da ƙananan da take dogara da su, in an cire ta sai su zauna suna cin wuri, kamar 'yan rakiyar amarya da suka ƙi komawa gida. Ta share su tas. Sannan ta ce yau za ta saita na'urar ta riƙa yin sharar da kanta, ya huta da kira, ita ta huta da hanya.

Ya yi maza ya katse ta. Ya ce na'ura ba ta iya shara ba, amma ko kallonsa ba ta yi ba, don ta buɗe jerin abubuwan da aka saka aka cire. Ga manhajar zanen jirgin sama, ga ta haɗa kiɗa. Duka ranar Laraba aka saka su da hantsi, aka cire da azahar. Shi kuwa ran Alhamis yake kiranta.

"Malam, wa ka haɗa kiɗi gidanga?"

"Aljannu."

"Aljannun sun san lambar sirrinka?"

Ya hau gyara bakin tabarma. Kunya ta kama shi, amma kewar ta fi ta nauyi.

"Wata ukku ba wanda ya taka zauren ga sai ke. In na ce kewa, ku ce tsuhwa. In na ce wuri ya ƙare, sai ki taho."

Rumaisa ta mai da ido kan allon. Ta ce wannan saitin ya fi ƙarfinta, ba a koya musu ba tukuna. Ta sake sauke manhajar jirgin da hannunta, ta cire, ta bar tarkacen.

"Ga 'yan rakiya nan na bar maka. Alhamis in taho in kore su."

Ya yi dariya har da goge ido, ya tura mata ƙwaryar ƙwan zabin da ya ɓoye a bayansa tun safe.

"Amshi, mummuna. Kin ci wasan yau."