Rasuwar Naphiri, Wadda Ta Tsaya Kafin Lamba Ta Tsaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska mai cike da kunya, ni Tadala Nkhoma, ɗalibar lissafi a jami'ar garin Zomba, ina sanar da rasuwar tsohuwar kwamfutata, Naphiri.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Aikinta ɗaya: in ba ta hasashen wata lamba, ta juya shi ta fito da amsa, in mayar mata da amsar ta sake juyawa, har sai abin da ya shiga shi ne ya fito. A nan muke cewa lamba ta zauna. Ba ta taɓa ƙorafi ba, sai dai fankarta ta ce "fuuu", in abin ya yi tsanani ta ƙara da "ƙiƙ-ƙiƙ".

Lissafin babin ƙarshe na kundin digirina ne ya kwantar da ita. Wata da watanni lambar tana tsalle, ga ranar kare digiri ta matso, in kuwa ba ta zauna ba sai baɗi.

Ranar Laraba da hantsi na duba, lamba ta tsaya cak. Na jira, ko motsi. Na rangaɗa guɗa, na saya wa kowa shayi da mandasi, wato fanken garinmu, na jawo malamina Farfesa Kalua daga ofis. Ya zo yana tauna, ya danna nan, ya danna can, ya kasa kunne wajen fanka.

"'Yata," ya ce, "ba lamba ce ta zauna ba. Tsohuwar ce ta cika."

Ashe walima na yi a kan gawa. Shi kuwa bai fasa cinye mandasinsa ba.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin roba, da linzamin kwamfuta mai ido ɗaya, da ni marainiyarta. Allah ya sani ina sonta, na kuma yafe mata.

Za a kai ta makwancinta ranar Juma'a bayan darasi, a kabad ɗin sashenmu na lissafi, kusa da magabatanta. Ba abinci, an riga an ci. Mai kwamfutar aro ya taho da ita maimakon furanni. Na kwafe lambar da ta bari a fuskarta, daga nan zan ci gaba.